Maƙalun malami ɗaya a kan batir, makamashi da likitanci: faɗin ilimi ne ko tara suna?

Ɗalibar Sinadarai ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Na kammala digiri na biyu a ilimin sinadarai, ina kuma shirin neman gurbin digiri na uku, saboda haka na shafe makonni ina bin sawun ayyukan malaman da nake fatan ɗaya daga cikinsu ya duba aikina. Akwai wani farfesa da ya tsaya mini a rai, wanda ba zan kama sunansa ba domin ba shi ne abin tattaunawa ba. Na buga jerin maƙalunsa a takarda, na ɗauki biro kala uku ina yi wa kowace maƙala alama: ja ga wadda ta shafi kayan haɗa batir, shuɗi ga sauran harkokin makamashi kamar raba ruwa domin samun iskar haidirojin, baƙi kuma ga likitanci. Da na gama sai na tarar kalolin sun cakuɗe a kowane shafi, ta yadda a cikin shekara guda za a ga maƙala kan katod (ɓangaren batir mai alamar +) na batirin sodiyam, wadda ke bi mata kan ɓarɓashin da ke kai magani ga ƙwayoyin kansa, ta ukun kuma kan na'urar auna sukari a jini.

Abin da ya dame ni shi ne, ni kaina sai da na yi shekara biyu kafin in iya fassara sakamakon na'ura guda ɗaya ba tare da an riƙa mini hannu ba. Mun taso muna jin cewa taura biyu ba ta taunuwa, to ga mutum yana tauna uku. Shin da gaske mutum ɗaya zai iya yin aiki mai zurfi a waɗannan fagage, ko kuwa sa masa suna kawai ake yi a aikin wasu? Idan kuma yana yiwuwa, me ya kamata in duba a cikin maƙalun kansu kafin in ba da shekaru huɗu na rayuwata a ƙarƙashinsa?

Tsohon Malamin Jami'a ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Kin kyauta da kika zauna kika karanta jerin da kanki, amma ina ganin kalolin nan uku su ne suka ruɗe ki, domin kin raba maƙalun bisa inda ake son a yi amfani da sakamakonsu, alhali mai bincike yana rayuwa ne da abin da yake haɗawa da na'urar da yake aunawa da ita. Batir da na'urar auna sukari 'yan gida ɗaya ne, dukansu 'ya'yan kimiyyar da ke nazarin yadda sinadarai ke musayar lantarki a fuskar ilektorod, wato ɗan farantin da lantarki ke shiga ko fita ta cikinsa. Tun a 1962 Leland Clark da Champ Lyons suka bayyana yadda za a ɗora inzayim, wato sinadarin halitta da ke hanzarta sauyin wasu sinadarai, a kan ilektorod domin auna sukari, kuma daga wannan tunani ne aka samu 'yan tsinkayen da masu ciwon sukari ke ɗiga jini a kansu a yau. Na'urar da ɗalibi zai jona wa batir ya auna yadda yake karɓar caji, ita ce dai zai jona wa wannan tsinken, sai dai ya canza ruwan da yake tsoma ilektorod ɗin a ciki.

Tarihin batir ma a manne yake da likitanci fiye da yadda mutane suka zata. An fara dasa na'urar daidaita bugun zuciya a jikin mutum a 1958 a ƙasar Suwidin, kuma baturan farko masu zaiba da zink ba su cika wuce shekara biyu ba, wanda ke nufin a sake yi wa majiyyaci aiki kowane bayan ɗan lokaci. A farkon shekarun 1970 ne Wilson Greatbatch da abokan aikinsa suka shigo da batirin litiyam da aidin cikin wannan aiki. Wannan batir ba ya fitar da iska, don haka ana iya rufe shi ruf, yana kuma iya kai kusan shekara 10 yana ba da 'yar wuta kaɗan ba tare da yankewa ba. Sai dai na'urar da ke girgiza zuciya idan bugunta ya rikice tana da wata buƙata dabam: ta yi shekaru tana kwance, sannan cikin 'yan daƙiƙoƙi ta tara wuta mai yawa ta saki gaba ɗaya. A nan ne Esther Takeuchi ta yi fice, inda ta inganta batirin litiyam mai katod na oksayid ɗin azurfa da banadiyam, wanda yayin da yake aiki azurfar cikinsa ke komawa ƙarfe zalla, ta ƙara wa katod ɗin sauƙin wucewar lantarki. Ta yi sama da shekara 20 a kamfani kafin ta koma koyarwa a Jami'ar Buffalo a 2007, daga baya ta koma Jami'ar Stony Brook a Amurka, tana da takardun mallakar ƙirƙira sama da 150. Idan kika ɗauki bironki uku kika bi jerin ayyukanta, za ki rasa kalar da za ki sa wa da yawa daga cikinsu.

Akwai kuma waɗanda abu ɗaya suke bi duk inda ya kai su. Oksayid ɗin ƙarfe mai maganaɗisu, idan aka niƙe shi zuwa ɓarɓashi na 'yan nanomita (nanomita ɗaya kaso ɗaya ne cikin biliyan na mita), ana gwada shi a matsayin ilektorod na batir, ana kuma amfani da irinsa wajen ƙara fito da hoton MRI. Rukunin kayan da ake kira MXene, wanda aka gano a Jami'ar Drexel a 2011 a ƙarƙashin Yury Gogotsi da Michel Barsoum, an fara duba shi ne domin adana makamashi, amma an gwada shi har wajen tsotse yuriya daga ruwan wankin ƙoda.

Shawarata ita ce ki ajiye taken maƙalun, ki buɗe sashen da ake bayanin yadda aka yi gwaji a guda 15 ko 20 daga cikinsu. Idan kika ga abu ɗaya ko hanyar haɗawa ɗaya tana maimaituwa, tana kuma girma daga shekara zuwa shekara, to akwai igiyar da ta ɗaure aikin. Idan kuwa kowace maƙala da nata kayan, da nata na'urorin, da nata mutanen, babu wadda ta gina a kan ta baya, to damuwarki tana da tushe.

Injiniyan Batir ya amsa:

Na yarda da Malam a kan asalin maganar, sai dai ina so in ƙara cewa samun igiyar ba ya wadatarwa, domin mutum zai iya riƙe abu ɗaya na shekara 20 yana yi masa gwaji mai sauƙi a fagage uku, bai taɓa kai ko ɗaya ga inda ake gumi ba. Ni a fannin batir nake aiki, don haka zan gaya miki abin da nake fara nema, 'yar'uwa, idan an miƙo mini maƙala.

Galibin sakamakon da ake bugawa daga ɗan ƙaramin batir ne mai siffar kwabo, wanda ake kira 2032 saboda faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa kuma milimita 3.2. Ana harhaɗa shi a cikin akwatin gilashi mai cike da iskar agon, mutum ya zura hannuwansa cikin dogayen safar roba, ya ɗora ɗan faifan ilektorod, ya ɗiga ruwan ilektorolait da ke kai caji tsakanin ɓangarorin batir biyu, ya sa marabi a tsakaninsu, ya ɗora guntun ƙarfen litiyam, sannan ya matse. Wannan gwaji yana da amfani a matakin farko, amma yana ɓoye aibi iri biyu. Na farko, guntun litiyam ɗin nan ya fi abin da ake buƙata nesa ba kusa ba, saboda haka duk litiyam ɗin da sabon kayan ya cinye a banza ana mayar masa da gurbinsa ba tare da an gani ba. A batir na gaske babu wannan rumbu. Ki yi lissafin da kanki: idan a kowane zagayen caji kashi 99 cikin 100 ne ke dawowa, bayan zagaye 100 abin da zai rage bai wuce kusan kashi 37 ba, kuma kafin batir ya riƙe kashi 80 bayan zagaye 500 sai abin da ke dawowa ya kai wajen kashi 99.96. Don haka idan na ga an rubuta kashi 99 ana murna, na san ba a kama hanyar kasuwa ba tukuna. Na biyu, ana iya shafa kayan siriri ƙwarai a kan ilektorod, ƙasa da miligiram 1 a kowane murabba'in santimita, sai ya nuna saurin caji mai ban mamaki wanda zai ɓace da zarar an kaurara shi zuwa yadda masana'anta ke buƙata. Maƙalar da ba ta faɗi nauyin abin da aka shafa da yawan ilektorolait da aka zuba ba, ta hana mai karatu abin da zai yi hukunci da shi.

Babban adadi shi kaɗai ba ya nufin komai. Girafait da ke cikin yawancin baturanmu iyakar cajin da yake iya riƙewa a lissafi miliamfa-awa 372 ne a kowane giram, silikon kuwa ya kusa ninka wannan sau 10, amma yana kumbura da kusan kashi 300 idan ya sha litiyam, ya tsattsage, shi ya sa har yau a yawancin batura ɗan kaɗan ake cakuɗa shi da girafait.

Game da batun wanda ya yi aikin, ki duba misalin John Goodenough. Maƙalar 1980 da ta gabatar da oksayid ɗin litiyam da kobalt daga Jami'ar Oxford, sunan Koichi Mizushima ne a farko, na Goodenough a ƙarshe, kamar yadda aka saba a wannan fanni: na farko shi ne ya fi yin aikin hannu, na ƙarshe shi ne shugaban ɗakin bincike. Sai a 1991 kamfanin Sony ya fitar da batirin kasuwa, a 1997 kuma rukunin Goodenough a Jami'ar Texas ya gabatar da fosfet ɗin litiyam da ƙarfe, wanda yanzu ke cikin motocin lantarki masu yawa. Kyautar Nobel ba ta zo masa ba sai 2019, tare da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, yana da shekara 97. Shi ma daga nazarin maganaɗisu ya fito kafin ya shiga batir, amma tambayarsa ɗaya ce tun farko, wato yadda ilektoron ke tafiya a cikin oksayid ɗin ƙarafa. Ki ware maƙalun da farfesan naki yake a ƙarshe ko yake matsayin wanda ake tuntuɓa, domin su ne nasa na haƙiƙa. Waɗanda yake tsakiya a cikinsu mai yiwuwa samfur ya bayar ko na'urarsa aka ara, wanda ba laifi ba ne, amma ba a nan za ki koyi aiki ba.

Likita Mai Bincike ta amsa:

Ƙanwata, ni ɓangaren baƙin biron ne ya fi damuna, kuma zan ɗan saɓa wa Malam, da girmamawa. Gaskiya ne na'urar auna lantarki ɗaya ce, amma jikin ɗan Adam ba ruwan gwaji ba ne. Ɗakin batir yana gudun laima kamar guba, domin gishirin da ke cikin ilektorolait yana haifar da asid mai haɗari idan ya haɗu da danshi. Ɗakin renon ƙwayoyin halitta kuwa yana buƙatar ɗumi na digiri 37, da danshi, da iskar kabon dayoksayid kashi 5, da tsabtar da ba ta yarda da ko ƙwayar cuta ɗaya ba. Da wuya hannu ɗaya ya ƙware a duka biyun, saboda haka abin da nake fara dubawa a irin waɗannan maƙalu shi ne ko akwai likita, ko masanin harhaɗa magunguna, ko masanin ƙwayoyin halitta a cikin marubutan. Idan duka masana sinadarai ne da injiniyoyi, kuma suna da'awar maganin kansa, nakan karanta da taka tsantsan.

Na sha cin karo da maƙalar da ta yi shafi 10 tana siffanta ɓarɓashi da hotuna masu kyau, sannan a ƙarshe aka liƙa zane ɗaya na gwajin MTT, aka rubuta cewa abin ba ya cutar da jiki. Wannan gwaji wani rini ne ruwan ɗorawa da ƙwayoyin halitta masu rai ke mayarwa shunayya, a auna duhun kalar a ƙiyasta yawan waɗanda suka rayu. Matsalar ita ce wasu ɓarɓashin, musamman na kabon, suna manne wa rinin ko su tare hasken da ake aunawa da shi, sai sakamakon ya karkace, don haka dole a nuna an gwada ɓarɓashin shi kaɗai ba tare da ƙwayoyin ba, a kuma tabbatar da wata hanya ta biyu. Ƙa'idar ISO 10993 da ake bi wajen tantance kayan da za su taɓa jiki tana ɗaukar abin da ya rage rayuwar ƙwayoyin zuwa ƙasa da kashi 70 a matsayin mai yiwuwar guba, amma tsallake wannan mataki somin taɓi ne kawai. Akwai sauran tambayoyi game da abin da zai yi wa jini, da inda zai taru, da yadda hanta da ƙoda za su fitar da shi.

Tsakanin kwanon gwaji da majiyyaci akwai tafiya mai nisa. A 2016 rukunin Warren Chan na Jami'ar Toronto ya tattara sakamakon gwaje-gwajen shekara 10 a kan dabbobi, ya gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na ɓarɓashin da aka yi allurarsa ke isa ga ƙarin kansar, yayin da hanta da saifa ke kwashe kaso mai yawa. Ba ina cewa hanyar a toshe take ba, domin maganin ferumoxytol, wanda ɓarɓashin oksayid ɗin ƙarfe ne da aka lulluɓe, ya samu amincewar hukumar abinci da magunguna ta Amurka a 2009 domin masu ƙarancin jini da ke fama da ciwon ƙoda. Abin da nake so ki gane shi ne, idan an yi gwaji a kan ɓeraye, ki nemi lambar izinin kwamitin ɗa'a, da adadin dabbobin, da rukunin da ba a ba maganin ba domin kwatantawa. Wannan fage ne da sakamakonsa ke iya sa wa iyalan marasa lafiya rai, kuma yana yi mini ciwo in ga an shige shi domin ƙara tsawon jerin maƙalu.

Ma'aikacin Laburare ya amsa:

Zan ɗan taɓa batun ƙidaya, tunda shi ne aikina. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya gabatar a 2005 yana nufin mutum yana da maƙalu h da aka ambaci kowacce aƙalla sau h, kuma ba ya bambance wanda ya jagoranci aiki da wanda aka sa a tsakiya, ba ya kuma ware maƙalun bita, waɗanda ke tara ambato fiye da na sabon gwaji. Fannin batir yana da ɗimbin masu rubutu, saboda haka adadin ambato a cikinsa yakan yi sama ko da aikin matsakaici ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka tsara sanarwar San Francisco a 2012, wadda ta nemi a daina auna mai bincike da darajar mujallar da ya buga a ciki. A 2018 John Ioannidis da abokan aikinsa sun ƙirga mutane sama da 9,000 da suka taɓa fitar da maƙala fiye da 72 a shekara guda tsakanin 2000 da 2016, wato guda a kowane kwana biyar, kodayake mafi yawansu masana fiziks ne da ke cikin manyan ayyukan haɗin gwiwa. A 2023 kuma an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya. Ki duba ko an taɓa janye wani aikinsa da kuma dalilin janyewar, sannan ki karanta ɗan sakin layin da mujallu da yawa ke sakawa a ƙarshe, inda ake faɗin abin da kowane marubuci ya yi.

Ɗalibar Sinadarai ta dawo:

Na gode ƙwarai Malam, Injiniya, Likita da Malam na laburare, Allah ya saka da alheri. Na koma kan jerin na ware waɗanda sunansa ke ƙarshe, sai tarin ya ragu sosai, kuma na ga igiyar da Malam ya ce in nema: kusan duka a kan oksayid ɗin manganis da na ƙarfe suke, waɗanda ake dafawa a cikin tukunyar ƙarfe mai murfi da ruwa mai matsanancin zafi, ana canza girman ɓarɓashin da siffarsa. Maƙalun likitanci kuwa yawancinsu a tsakiya yake, kuma na ga sunayen mutanen sashen harhaɗa magunguna a farko da ƙarshe, wanda ya nuna mini cewa shi kayan yake haɗa musu, su kuma su yi gwajin ƙwayoyin halitta. Guda biyu ne na samu da suka yi daidai da abin da Likita ta siffanta, gwajin MTT ɗaya tilo da babbar da'awa a take.

A ɓangaren batir, cikin waɗanda na karanta zuwa yanzu kusan dukansu da guntun litiyam ko sodiyam aka yi gwajin, sai ta baya-bayan nan kaɗai ce ta haɗa katod ɗinsu da anod (ɓangaren batir mai alamar −) na kabon, kuma ita ce ta faɗi nauyin abin da aka shafa. Na rubuta masa wasiƙa ina tambayar ko aikin da zai ba ni zai ci gaba daga wannan maƙalar, ko ɗakin yana da na'urar harhaɗa batir mai siffar jaka wanda ya fi na kwabo girma, da kuma ko zai yarda in yi magana da ɗaliban da suka gama a hannunsa. Injiniya, idan ya aiko da amsa zan kawo alƙaluman nan ka taya ni dubawa, musamman na zagayen caji 100 na farko.